Da wace hujja jiha ke soke ƙuri'ar mutanen gari a Amurka a kan maganar muhallinsu?

Bazamfare:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'abota wannan zaure. Ina da wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina fata waɗanda ke zaune a Amurka da waɗanda suka karanci shari'a za su warware mini ita. Na ci karo da labarin wani gari mai suna Denton a jihar Teksas, inda a watan Nuwamban 2014 mazauna garin suka kaɗa ƙuri'a suka haramta haƙar iskar gas ta hanyar nan da ake kira firakin, wato a tura ruwa da yashi da sinadarai da ƙarfin gaske cikin ƙasa domin dutse ya farfashe gas ya samu hanyar fita. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ba a cika wata bakwai ba sai majalisar dokokin jihar ta yi wata doka da ta mai da wannan ƙuri'a kamar ba a taɓa kaɗa ta ba, kamfanoni kuma suka koma bakin aikinsu.

Da a Nijeriya ne, babu wanda zai yi mamaki, domin sashe na 44 na kundin tsarin mulkin 1999 ya danƙa ma'adinai da man fetur da gas gaba ɗaya a hannun gwamnatin tarayya, ta yadda ko gwamnan jiha ba ya ba da lasisin haƙa, balle shugaban ƙaramar hukuma ko dagaci. Amma a zatona Amurka ƙasa ce da ke tinƙaho da cewa mulki daga ƙasa yake tasowa, kowane gari da majalisarsa da 'yan sandansa da makarantunsa. To, da wace hujja jiha za ta danne abin da mutane suka zaɓa game da iskar da suke shaƙa da ruwan da suke sha? Kuma shin akwai garin da ya taɓa yin irin wannan ja-in-ja da kamfani da jiha ya yi nasara, ko kullum haka ake ƙarewa?

Bakatsine a Teksas:

Wa alaikumus salam, Malam Bazamfare. Maganar hujjar shari'a zan bar wa masu ita, amma na yi karatu a Denton a shekarun da ake wannan dambarwa, don haka zan iya gaya maka yadda abin yake a ido. Garin yana arewa da Dallas, garin jami'a ne, kuma yana zaune a kan wani shimfiɗaɗɗen dutse mai gas da ake kira Barnett. A lokacin akwai rijiyoyin gas fiye da 270 a cikin iyakar garin kansa, wasu a gefen makarantu da wuraren shaƙatawa, wasu a bayan gidajen mutane.

Akwai wani abokina da nakan je gidansa cin tuwo ranar Juma'a bayan an taso daga masallaci. Daga tagar kicin ɗinsa ana hango wasu dogayen alluna masu launin ƙasa da wani kamfani ya kafa domin rage ƙarar injuna, amma ƙarar ba ta fasa shigowa ba. Da dare fitilun wurin suna haska ɗakin kwanan yaransa kamar rana, tankoki suna shige da fice har asuba, da safe kuma sai ka rubuta sunanka da yatsa a kan gilashin motarsa saboda ƙurar da ta kwanta. Matarsa ta daina barin yara su yi wasa a tsakar gida. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ko sisin kwabo ba ya samu daga gas ɗin da ake zuƙa a ƙarƙashin unguwarsu, domin a Teksas ana iya raba mallakar saman ƙasa da mallakar abin da ke ƙarƙashinta, kuma doka ta fifita mai ma'adini a kan mai gida wajen samun hanyar kaiwa ga dukiyarsa. Shi gida ya saya, ma'adinin kuwa tuni wani ya riƙe.

Mutanen garin ba da haramci suka fara ba. A 2013 majalisar gari ta yi dokar cewa sabuwar rijiya ta nisanci gidaje da ƙafa 1,200, sai aka tarar cewa wuraren da suka samu izini tun da can dokar ba ta shafe su ba, kamfani yana iya dawowa ya sake haƙa a tsohon wuri ko da an riga an gina gidaje kewaye da shi. Daga nan ne aka tara sa hannun jama'a, majalisar gari ta ƙi zartar da haramcin da kanta ta miƙa wa masu zaɓe, ranar 4 ga Nuwamban 2014 kuma kusan kashi 59 cikin ɗari suka amince, duk da cewa kuɗin da ɓangaren kamfanoni ya kashe a kamfe ya ninka na masu neman haramcin sau da dama. Washegari ƙungiyar kamfanonin mai da gas ta Teksas da ofishin kula da filayen jiha suka shigar da ƙara. A wannan ranar zaɓen ce kuma aka zaɓi Greg Abbott gwamna, shi ne kuma ranar 18 ga Mayun 2015 ya sa hannu a doka mai lamba 40, wadda ta ce abin da ya shafi aikin mai da gas na jiha ne, gari ba shi da ta cewa sai a kan ƙananan abubuwa na saman ƙasa kamar ƙara da haske da zirga-zirgar motoci, nan ɗin ma da sharaɗin kada dokar garin ta hana kamfani gudanar da sana'arsa. Murna ta koma ciki. Da aka dawo da aiki a watan Yuni wasu sun zauna a ƙofar wurin haƙar an kama su, har da wata dattijuwa mai shekara fiye da 90, kuma a cikin watan majalisar gari da hannunta ta soke haramcin domin ta rabu da ƙararrakin da ke kanta.

Barista Mai Nazari:

Malam Bazamfare, tambayarka tana da tushe, amsarta kuma ta girmi maganar gas da shekaru masu yawa. Kundin tsarin mulkin Amurka ya san gwamnatin tarayya ya san jihohi, amma ko sau ɗaya bai ambaci gari ko ƙaramar hukuma ba. A 1868 wani alƙalin kotun ƙolin jihar Ayowa mai suna John Dillon ya yanke hukunci a wata shari'a tsakanin garin Clinton da wani kamfanin jirgin ƙasa da ke son shimfiɗa layin dogo a titunan garin da izinin jiha, ya ce gari halittar majalisar jiha ne, ita ta ba shi rai, tana kuma iya rage masa iko ko ta rushe shi baki ɗaya. Ka lura cewa tun a wannan shari'ar ta farko kamfani ne ya tsaya a bayan jiha ya yi galaba a kan gari. Wani alƙalin a jihar Mishigan, Thomas Cooley, ya saɓa masa a 1871 da cewa mutanen gari suna da haƙƙin mulkin kansu tun asali, amma a 1907 kotun ƙolin Amurka ta ɗauki ra'ayin Dillon a wata shari'a da ta shafi birnin Pittsburgh. Jihohi da yawa daga baya sun ba garuruwa damar rubuta kundin mulkin kai, sai dai wannan dama ba ta hana majalisar jiha ta ce wani fanni ta keɓe wa kanta ba, kuma da zarar ta faɗa a sarari, kotuna sukan bi bayanta. Wannan ita ce hujjar da kake nema. Jihar Oklahoma ma ta yi irin dokar Teksas a 2015.

Game da nasara kuwa, an yi ta, kuma yadda aka yi ta ya cancanci a duba da kyau. Garin Dryden a jihar Niyok bai ce ya ƙirƙiro wani sabon haƙƙi ba. A 2011 ya yi amfani da ikon da dama yake da shi na tsara filaye, wato ikon cewa nan unguwar zama ce, can wurin masana'antu ne, ya ce babu wani yanki a garin da aka ware wa haƙar gas. Kamfani ya kai ƙara yana cewa dokar jiha kan mai da gas ta danne wannan, amma a watan Yunin 2014 babbar kotun jihar, da rinjayen alƙalai biyar a kan biyu, ta ce dokar jiha ta tsara yadda ake haƙa ne, ba ta ƙwace wa gari ikon cewa a ina za a haƙa ba. A ƙarshen wannan shekarar gwamnatin Andrew Cuomo ta sanar da haramta firakin a jihar baki ɗaya.

A Pensilbaniya abin ya fi haka armashi. A 2012 majalisar jihar ta yi doka mai lamba 13 wadda ta tilasta wa garuruwa su ƙyale haƙar gas a kowane irin yanki, har unguwannin zama. Garin Robinson da wasu garuruwa suka kai ƙara, a watan Disambar 2013 kuma kotun ƙolin jihar ta soke waɗannan sassa na dokar. Alƙalai uku daga cikin huɗun da suka yi rinjaye sun dogara ne da wani sashe da aka shigar a kundin tsarin mulkin jihar tun 1971, wanda ya ce jama'a suna da haƙƙin iska mai tsabta da ruwa mai kyau, kuma gwamnati amintacciya ce a kan albarkatun ƙasa domin na yanzu da na baya. Sashen ya shafe shekara arba'in kusan babu mai waiwayarsa. A fahimtata, garin da ya samo hujjarsa daga cikin dokar da ke sama da majalisar jiha, ko daga ikon da jiha ba ta riga ta janye ba, shi ne yake fita daga kotu da dariya.

Injiniya:

Ina neman afuwar zaure, domin zan faɗi abin da ba lallai ya yi wa kowa daɗi ba, kuma ba na ɓoye cewa a fannin mai nake cin abinci. Malam Bakatsine, na tausaya wa abokinka, amma shi ma wanda ya mallaki ma'adinin ɗan ƙasa ne mai haƙƙi, sau da yawa wani tsohon manomi ne ko magadansa da suke rayuwa da ɗan kason da kamfani ke biyansu. Idan gari ya kaɗa ƙuri'a ya ce ba za a taɓa dukiyarsu ba, wa zai biya su diyya? Ban da haka, dutsen da ke ɗauke da gas bai san iyakar gari ba, rijiya ɗaya tana iya miƙewa a kwance ta yi tafiyar kilomita biyu ko uku a ƙarƙashin ƙasa. Teksas tana da garuruwa fiye da dubu, idan kowanne ya yi tasa doka babu wanda zai iya aiki, shi ya sa aka danƙa fannin ga hukuma ɗaya ta jiha, wadda abin mamaki har yau sunanta hukumar jiragen ƙasa alhali ta daɗe da barin harkar jirgi.

Sannan ina so Barista ya tuna cewa mulkin kai na gari ba kullum yake zama alheri ba. A shekarun 1950 da 1960, masu nuna wa baƙar fata wariya a kudancin Amurka da wannan hujjar suka fake, suna cewa a bar su su tafiyar da makarantunsu da motocinsu na haya yadda suka ga dama, kuma dokar sama ce ta zo ta danne su. Wanda ya yi murna da wancan danniyar ba zai ce danniyar dokar sama haramun ce a ko da yaushe ba.

Hajiya a Toledo:

Injiniya, maganarka ta ƙarshe gaskiya ce, amma ina ganin ka haɗa abubuwa biyu da ba su yi kama ba. A wancan lokacin dokar sama ta zo ne ta ƙara wa mutane kariyar da gari ya hana su. A maganar da muke yi yanzu, dokar sama tana zuwa ne ta cire kariyar da gari ya ba mutanensa, ba tare da ta kawo wata a madadinta ba. Da jiha za ta ce ga mafi ƙarancin abin da kowa zai kiyaye, wanda ya so ya ƙara, da babu mai ƙorafi.

Ni a Toledo nake a jihar Ohayo, a bakin tafkin Erie, inda muke shan ruwa. Ranar Asabar 2 ga Agustan 2014 na tashi sallar asuba na tarar da saƙonni a waya cewa kada a sha ruwan famfo, kada ma a tafasa shi, domin tafasawa tana ƙara wa gubar ƙarfi. Gansakuka ce ta mamaye tafkin daidai inda ake janyo ruwan birni, ta mai da shi kore shar kamar miyar kuka, tana fitar da guba mai lalata hanta. Kafin hantsi babu kwalbar ruwa ko ɗaya a kantunan unguwarmu, sai da maigidana ya tuƙa mota ya tsallaka jihar Mishigan kafin ya samo mana. Da ruwan kwalba na dama wa ɗana na goye abincinsa har kwana uku, mutum kusan dubu 400 muna cikin wannan hali. Kowa ya san musabbabin, takin zamani da kashin dabbobi ne daga gonaki da manyan gidajen kiwo suke bin kogin Maumee suna shiga tafkin, kuma dokar tarayya kan tsabtar ruwa ba ta kama ruwan da ke gangarowa daga gona kamar yadda take kama na bututun masana'anta.

Bayan shekaru ana jiran jiha, sai mutanen birni suka kawo wani ƙuduri da ya ba tafkin kansa haƙƙin ya rayu ya bunƙasa, ya kuma ba kowane mazaunin birni damar kai ƙara a madadinsa. A watan Fabrairun 2019 kusan kashi 61 cikin ɗari suka amince, ni ma ina cikinsu, duk da cewa daga baya aka gano kamfanin mai na BP ya zuba fiye da dala dubu 300 a kamfen ɗin adawa. Washegari wata gona ta kai ƙara. A tsakiyar shekarar aka cusa wani sakin layi a cikin dokar kasafin kuɗin jiha, wanda ya ce yanayi da halittu ba su da hurumin tsayawa a gaban kotu, babu kuma mai kai ƙara da sunansu. A Fabrairun 2020 alƙalin tarayya Jack Zouhary ya soke ƙudurin, ya ce kalmominsa sun yi faɗi har mutum ba zai san abin da aka hana shi ba, ko kamun kifi ne ko shuka masara, kuma birni ɗaya ba zai yi doka a kan tafkin da jihohi da dama da ƙasar Kanada suke tarayya a kai ba. Ban ce alƙalin bai da hujja ba. Amma har yau duk damina gansakukar tana dawowa.

Bazamfare:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Barista, idan na fahimce ka, irin hanyar da su Hajiya suka bi ta ƙirƙiro sabon haƙƙi ba ta kai wa ga nasara a kotu. Ke nan wahalar banza ce, ko akwai inda kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Barista Mai Nazari:

A kotu kam kusan kullum faɗuwa take yi, Malam, amma ba zan kira ta wahalar banza ba, kuma ga dalilina. Akwai wani ɗan ƙauye a Pensilbaniya mai suna Grant, mutanensa kimanin 700 ne, kowane gida da rijiyarsa ko maɓuɓɓugarsa yake sha. Kamfanin Pennsylvania General Energy ya so ya mai da wata tsohuwar rijiyar gas wurin zuba dagwalon ruwan da ke fitowa daga aikin haƙa. A 2014 ƙauyen, da taimakon wata ƙungiyar lauyoyi masu kare muhalli mai suna CELDF wadda ita ce ta taimaka wajen rubuta ƙudurin Toledo, ya yi dokar da ta hana wannan. Kamfanin ya kai ƙara yana cewa an tauye masa haƙƙinsa na tsarin mulki, kotun tarayya ta soke sassan dokar a 2015, sai mutanen suka zaɓi kundin mulkin kai suka sake rubuta haramcin a ciki. A 2017 hukumar kare muhalli ta jihar ta ba kamfanin izini, ta kuma kai ƙauyen ƙara, wato hukumar da aka kafa domin kare ruwa ita ce ta gurfanar da masu kare ruwansu. An ci tarar lauyoyin ƙauyen dala dubu 52 a 2018, a 2019 kuma aka umurci ƙauyen ya biya kamfanin fiye da dala dubu 100 kuɗin shari'a. A 2022 kotun jiha ta soke haramcin, kotun ƙolin jihar ta tabbatar a 2023. A takarda sun faɗi a kusan kowane mataki. Sai dai a cikin waɗannan shekaru tara ba a zuba ko ganga ɗaya ta dagwalon a rijiyar ba, a 2023 ɗin kuma aka gano gas yana yoyo daga jikinta, kamfanin ya toshe ta.

Injiniya zai ce sa'a ce, ba zan musa masa gaba ɗaya ba, domin ba kowane ƙauye zai jure shekara tara yana shari'a da bashi a wuya ba. Misalin da na fi dogara da shi shi ne na Kolorado. Garin Longmont ya haramta firakin da ƙuri'a a 2012, Fort Collins ya dakatar da shi na shekara biyar a 2013, kotun ƙolin jihar ta soke duka biyun a watan Mayun 2016 da hujja irin ta Teksas. A 2017 gas ya tsiyayo daga wani yankakken bututu ya tarwatsa wani gida a garin Firestone, mutum biyu suka rasu. A 2018 an kai wa masu zaɓen jihar ƙudurin nisanta rijiyoyi da gidaje ƙafa 2,500, bai samu rinjaye ba, amma a zaɓen ne majalisar dattawan jihar ta sauya hannu. A watan Afrilun 2019 Gwamna Jared Polis ya sa hannu a doka mai lamba 181, wadda ta ba garuruwa ikon tsara inda za a kafa rijiya da abin da ya shafi saman ƙasa, ta kuma yarda dokar gari ta fi ta jiha tsanani. A Teksas kuwa majalisar da ta yi doka mai lamba 40 ba ta sauya hannu ba, dokar tana nan daram, rijiyoyin da Malam Bakatsine ya gani a Denton kuma har yanzu ikon hana haƙa su yana Austin, babban birnin jihar.